Daga dajin Bama zuwa barikin Chindit na Zariya

Wani mai karatu ya tambayi dalilin da ya sa barikin soja na Zariya, inda ake horar da kurata, yake ɗauke da sunan Chindit. Amsar tana wurin Birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, wadda ta ƙunshi bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na rundunar Najeriya a Yaƙin Duniya na Biyu. Asalinta tana ƙarƙashin Runduna ta 81 da aka kafa a 1943, amma da aka isa Indiya sai aka ɓalle ta aka miƙa wa Manjo Janar Orde Wingate, mai dakarun da ake kira Chindit, sauran birged biyu kuma suka nufi kwarin Kaladan a Bama.

Wingate mutum ne mai taurin kai da baƙin ra'ayi, wanda manyansa da yawa ba su ƙaunarsa. Ya yi watsi da tsarin da aka saba, ya raba kowace bataliya gida biyu, kowane ayari mutum ɗari huɗu ko kusa da haka, babu mota, sai alfadarai, abinci da harsashi kuma daga jirgin sama ake jefo su. Dabararsa ita ce a kafa sansanoni a bayan Japanawa, a datse musu hanya, a tilasta musu kawo hari. Bai ga ƙarshen shirin ba, domin ya mutu a haɗarin jirgi ranar 24 ga Maris 1944, daidai lokacin da ake shirin shigar da 'yan Najeriya.

A kan rawar da 'yan Najeriya suka taka ne ake gardama. Wasu marubutan Ingila sun nuna cewa gadi kawai aka kawo birged ɗin ta yi, Turawa da Gurka su ne mayaƙa. Gaskiya ne tsaron sansani aka fara ba ta, kuma da wuya a ce raini bai shiga wannan rabon aiki ba, tunda hafsoshinta Turawa ne, baƙar fata iyakarsa samanja. To amma mai wannan magana ya manta da abin da gadi yake nufi a tsarin Wingate. Sansanin White City, kusa da Mawlu, an dasa shi ne a kan layin dogo da ke kai wa Japanawa kaya zuwa Myitkyina, wato an tsokano tsuliyar dodo da gangan. A watan Afrilu 1944 Japanawa suka yi ta afko masa dare bayan dare, da igwa da ruwan harsashi, kuma 'yan Najeriya na cikin waɗanda suka tsaya a ramuka bayan waya har harin ya karye. Da Birgediya Michael Calvert, mai riƙe da sansanin, ya fita don ya sari abokan gaba ta baya, Birgediya Gillmore na birged ta 3 aka bar wa sansanin. Ba a barin irin wannan wuri a hannun wanda ake tsoron zai gudu.

Za a iya cewa ai shaidar da muke da ita duk daga bakin hafsoshinsu ta fito, su kuwa dole su yabi yaransu. Haka ne, sai dai masu rage musu daraja ma Turawa ne, kuma da yawansu ba su kwana a ramukan ba. Sojojin kansu, waɗanda Hausa ce harshen da ya haɗa su ko daga wace ƙabila suka fito, kaɗan ne aka rubuta labarinsu. Littafin Burma Boy na Biyi Bandele, wanda mahaifinsa ya je yaƙin Bama, ya ɗan cike giɓin a 2007.

An janye daga White City a watan Mayu, birged ɗin ta nausa arewa cikin damina da laka da zazzaɓi, aka fitar da ita a watan Agusta. A 1945 aka rushe dakarun Chindit. Duk wanda kakansa ya bar takardar sallama ko lambar yabo a akwati, ya adana ta, ya rubuta abin da tsofaffin gidan suke tunawa tun suna raye.