Abou Sangaré: bakaniken Gine da ya zama tauraron fim a Faransa

Abou Sangaré ɗan wasan fim ne kuma bakanike, ɗan asalin ƙasar Gine Konakiri, mazaunin birnin Amiens da ke arewacin Faransa. Ya yi suna a shekarar 2024 da fim ɗinsa na farko, L'Histoire de Souleymane, wato labarin Souleymane. Ya karɓi kyautar bikin finafinai na Cannes a lokacin da ko takardar izinin zama a Faransa ba shi da ita.

Tasowarsa da barin gida

An haife shi ranar 7 ga watan Mayun 2001 a garin Sinko, a kudu maso gabashin Gine. Tun yana yaro ya fara koyon gyaran mota a gareji. Rashin lafiyar mahaifiyarsa ne ya sa ya bar gida a 2016, yana da shekara 15, domin neman kuɗin yi mata magani.

Ya ratsa Mali zuwa Aljeriya, daga nan ya shiga Libiya, sannan ya tsallaka tekun Bahar Rum zuwa Italiya. Aljeriya da Libiya ba baƙin wurare ba ne ga 'yan ci-rani na Tahoua da Zinder, sai dai shi bai tsaya nan ba. A 2017 ya isa Faransa, ya zauna a Amiens, inda ya shiga makarantar koyon sana'a har ya samu takardar shaidar gyaran manyan motoci. Sau uku yana neman izinin zama ana hana shi.

Yadda ya shiga fim

Mai shirya finafinai Boris Lojkine ya daɗe yana aiki a kan nahiyar Afirka. A 2014 ya fitar da Hope, labarin wata 'yar Najeriya da wani ɗan Kamaru da ke ratsa Sahara zuwa Turai. A 2019 kuma ya yi Camille, a kan 'yar jarida mai ɗaukar hoto Camille Lepage da aka kashe a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. A sabon aikinsa, ya nemi matashi ɗan Gine wanda bai taɓa yin fim ba. A wajen tantancewar da aka yi a Amiens a 2023 ne aka zaɓi Sangaré. Kafin a fara ɗauka, sai da ya hau keke ya yi aikin kai abinci a titunan Paris don ya san wahalar sana'ar.

Abin da fim ɗin ya ƙunsa

Souleymane matashi ne ɗan Gine da ke kai wa mutane abinci gida-gida a kan keke. Tun da doka ba ta ba shi damar aiki ba, yana hayar sunan wani a manhajar kamfanin, yana biyan mai sunan wani kaso na abin da ya samu. Da dare yana kwana a masaukin marasa muhalli. Saura masa kwana 2 ya bayyana gaban OFPRA, hukumar da ke duba buƙatun masu neman mafaka, kuma yana ta haddace wani labarin ƙarya da ya saya, cewa shi ɗan jam'iyyar adawa ta UFDG ne da aka tsananta wa.

A ƙarshe, jami'ar hukumar, wadda Nina Meurisse ta fito a matsayinta, ta gane labarin haddace ne, ta nemi ya faɗa mata gaskiya. Abin da Souleymane ya faɗa a nan, game da mahaifiyarsa da hanyar Sahara da Libiya, an ɗauko shi ne daga rayuwar Sangaré kansa. Fim ɗin ya ƙare ba tare da an nuna hukuncin da aka yanke masa ba.

Kyaututtuka da takarda

An fara nuna fim ɗin a Cannes a watan Mayun 2024, a ɓangaren Un Certain Regard. Ya samu kyautar alƙalai, Sangaré kuma ya zama gwarzon ɗan wasa namiji. Ranar 9 ga Oktoba fim ɗin ya shiga gidajen sinima na Faransa, kuma a watan Disamba aka ba Sangaré kyautar gwarzon ɗan wasa na finafinan Turai. Duk wannan lokaci zamansa a ƙasar bai halatta ba, lamarin da ya jawo muhawara a kafafen watsa labarai.

Sai a watan Janairun 2025 hukumomin gundumar Somme suka ba shi takardar zama ta shekara 1. An ba shi ita ne a matsayin ma'aikaci, bisa alƙawarin aikin kanikanci da wani gareji ya yi masa. Ranar 28 ga Fabrairun 2025 ya karɓi kyautar César ta sabon ɗan wasa namiji da ya fi fice. Fim ɗin ya tashi da César 4 a daren, har da ta Nina Meurisse, da ta rubutun labari, da ta tace hotuna.

Takardar ta fito ne fiye da shekara 7 bayan zuwansa a 2017, kuma sana'ar da ya fara koya a garejin Gine ce hukuma ta dogara da ita wajen ba shi.