Hanyar Ekuri: Yadda Ƙauyuka Biyu Suka Ƙi Sayar Da Dajinsu

Mu 'yan Bogobiri mun san ganyen afang da ogbono a kasuwannin Kalaba, amma ba kowa ya san dazuzzukan da suke fitowa ba. Ɗaya daga ciki shi ne dajin Ekuri a ƙaramar hukumar Akamkpa, mai faɗin hekta 33,600, kusa da gandun dajin ƙasa na Kuros Riba da aka kafa a 1991. Ƙauyuka biyu ke da shi, Tsohuwar Ekuri da Sabuwar Ekuri.

A da babu hanyar mota zuwa can. Kaya a ka ake ɗaukowa, a yi ta tafiyar ƙafa kafin a kai titin Kalaba zuwa Ikom, maras lafiya ma ɗaukarsa ake yi. Sai masu yankan katako suka zo da tayin da suka saba yi: ku ba mu itatuwa, mu share muku hanya. To, wa zai ƙi? Amma mutanen Ekuri sun ga abin da ya sami waɗanda suka karɓa. Ana gama kwashe manyan itatuwa kamfani yake tafiya, hanyar ta zaizaye da ruwan sama, daji kuwa ya tafi ke nan. Sai suka ce a'a.

Abin da suka yi maimakon haka shi ya sa na ɗauko labarin. Suka sa haraji a kan kayan dajin da ake fitarwa, kuɗin ya shiga asusun gari, sannan suka fito aikin gayya. A hankali, shekara bayan shekara, suka buɗe hanya ta kusan kilomita 40, da gadoji da kwalbatoci. Ba kwalta ba ce, kuma da damina sai a hankali. Amma tasu ce, ba wanda ya biyo su bashin bishiya ko ɗaya. Ƙungiyarsu, Ekuri Initiative, ta sami lambar yabo ta Equator ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2004.

Jarrabawa mafi girma daga gwamnati ta zo. A 2015 Gwamna Ben Ayade ya ɓullo da shirin katafaren titi mai tsawon kilomita 260, kuma a watan Janairun 2016 aka soke haƙƙin mallakar ƙasa har kilomita 10 a kowane gefensa. Dajin Ekuri na ciki. Mutanen da suka yi wa kansu hanya da hannu, yanzu ga wata hanya za ta raba su da ƙasar kakanninsu! Maza da mata suka fito zanga-zanga, aka tara sa hannun mutane sama da 250,000 daga ciki da wajen Nijeriya. A Fabrairun 2017 gwamnatin jihar ta janye waccan sokewa.

Rigimar katako dai ba ta mutu ba, har yanzu masu injin zarto na leƙa dajin, 'yan gari na korarsu. 'Yan uwanmu masu harkar katako, ya kamata mu riƙa tambayar daga ina kayan suka fito kafin mu loda wa tirela.