Daga Tanderu Zuwa Teburin Mai Shayi: Tarihin Abincin Bakin Hanya a Birnin Kano

Duk wanda ya baro gida a cikinmu ya sauka Kano da 'yar jakarsa, ko don karatu ya zo ko ciniki ko aikin gwamnati, zai iya tuna inda ya fara cin abinci a birnin. Da wuya a ce a wani babban otal ne. Mafi yawanmu a kan bencin mai shayi muka fara zama, ko a gindin mai ƙosai, ko a rumfar mai tuwo da ke bayan tasha. Waɗannan wurare su suka riƙe mu kafin mu yi aure, kafin a fara ɗora tukunya a gidajenmu. Ga shi kuwa marubuta tarihi sun cika littattafai da labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe, amma ba su cika waiwayar tanderu da tanda ba. Shi ya sa muka ga ya dace a wannan fitowa mu ɗan bi sawun wannan sana'a.

Sayar da dafaffen abinci a Kano daɗaɗɗen abu ne. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), matattara ce ta fatake daga nesa, kuma baƙon da ya sauke kaya ba ya da matar da za ta girka masa. Lokacin da Baturen Birtaniya mai yawon buɗe ido, Hugh Clapperton, ya shigo Kano a 1824, ya rubuta cewa kusa da mahauta ya ga wuraren cin abinci a fili: an hura wuta, an kewaye ta da tsinkaye ɗauke da ƙananan yankan nama da kitse, masu saye na tsugune a gefe. Wanda ya karanta wannan bayani ya san tsire ake nufi, tukuba ce irin wadda muke gani har gobe. Shekara ɗari biyu ke nan, sana'ar ba ta sauya kama sosai ba.

Alkama kuwa labarinta daban ne, domin a da abincin manya ce. Kaɗan ake nomawa a fadamu lokacin sanyi, ana ban ruwa da jigo, don haka sai gidan sarauta da na attajirai, sai kuma ranar biki ko salla. Daga cikinta ake yin alkaki da finkaso da taliyar hannu, waɗanda har yau ake sa wasunsu cikin garar amarya. Larabawan Gadamas da Tarabulus da suka zauna a cikin birni suna da hannu babba wajen yaɗa irin wannan girki. Unguwarsu ita ce Dandalin Turawa, don kuwa kafin zuwan Nasara, Larabawa ake kira Turawa. Sunayen ma sun isa shaida: gurasa da tanderu duk kalmomi ne da suka samo asali daga Larabci.

Ya kamata mu tsaya a kan gurasa, domin ita ce burodin Kano na asali. Ana kwaɓa gari a bar shi ya tashi, sannan a hura wuta a cikin tanderu, wato wata babbar tukunyar ƙasa, har jikinta ya ɗauki zafi. Mai gashi sai ta ɗebo ƙullun, ta faɗaɗa shi da tafin hannu, ta sunkuya ta manna a jikin tukunyar. Aiki ne na juriya, hayaƙi a ido, zafi a hannu, kuma tun kafin asuba ake farawa. Mata ne ƙashin bayan sana'ar a cikin gidaje, musamman wajen Jakara da Cediyar 'Yan Gurasa, unguwar da sana'ar ta ba wa suna. Maza da samari su suke sara su kai kasuwa da tashoshi. Akan ci ta da tsire ko da miya, amma wadda ta fi shiga ran Bakano ita ce bandashe: a tsoma gurasa a ruwan ɗumi ta yi laushi, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir. Da yawa daga cikinmu mun yi wa Kanawa dariyar wannan haɗi a farkon zuwanmu, yau kuwa mu ne muke sayenta tsaraba idan za mu gida.

Burodi irin na Turawa jirgin ƙasa ne ya kawo shi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka kuma kafa Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo shi daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. A Ikko an riga an saba da burodi, har wani mutumin Jamaika mai suna Amos Shackleford ya yi suna a sana'ar. Waɗannan baƙi su suka zo da gidajen burodi, suka kuma zo da buka, inda ake tuƙa teba da sakwara da miyar agushi. Kwarori, wato 'yan Labanan da Sham da suka zauna wajen Fage, su ma sun kawo nasu salon gashi. An daɗe mutanen cikin ganuwa suna kallon burodi a matsayin abincin 'yan boko da ma'aikatan reluwe.

Abin da ya rushe wannan katanga shi ne aikin albashi. Da masana'antu suka bunƙasa a Bompai, daga baya Sharaɗa da Challawa, sai dubban samari suka riƙa fita da sassafe, babu mai jiran a dama kunu. Kamfanin Flour Mills of Nigeria ya fara niƙa alkamar waje a Apapa a 1962, a shekarun 1970 kuma aka buɗe kamfanin fulawa a Bompai. Kuɗin mai ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya biyo baya, fulawa ta yi araha. A nan ne mai shayi ya samu gindin zama a kusan kowace kwana. Teburinsa sananne ne: tukunyar ruwan zafi a kan gawayi, gwangwanayen madara da Bournvita an jera su kamar gini, sunƙin burodi a gefe, ga kaskon suyar ƙwai. Mai hali ya ce a yi masa haɗin kauri, wanda aljihunsa ya yi sanyi ya sha ruwan bunu, kuma duk benci ɗaya suke zaune.

Kada mu raina wannan benci. A nan ake sauraron Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri a 1957, a nan aka yi musun NPN da PRP a Jamhuriya ta Biyu har murya ta dushe. Baƙo yakan sami labarin ɗakin haya a wurin, ɗan cirani ya bar saƙo, ɗalibi ya ci bashi har ƙarshen wata ba tare da an rubuta takarda ba. Mu da muka zauna a unguwannin baƙi mun san sau nawa ɗan garinmu ya sauka da dare bai san gidan kowa ba, mai shayi ya yi masa kwatance.

Sai dai wannan sabo ya zo da tarkonsa. Alkamar da ake burodin da ita daga Amurka da wasu ƙasashe take zuwa, ana biya da kuɗin waje. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga a farkon shekarun 1970, aka shimfiɗa noman rani a Kadawa da Kura, kuma alkama na cikin abin da aka yi buri. Amma alkama tana son sanyi, hunturunmu kuwa gajere ne, abin da ake girbewa bai taɓa kusantar abin da ake ci ba. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama baki ɗaya. Manoma sun ɗan ji daɗin farashi, amma gidajen burodi da dama sun rufe, sunƙi ya ƙanƙance, fulawar sumoga ta riƙa shigowa ta kan iyaka. A 1992 aka janye dokar. A ganinmu wannan shi ne darasi mafi tsada a tarihin abincin birni: an koya wa jama'a cin abin da ƙasarsu ba ta iya nomawa da yawa, sannan aka nemi raba su da shi dare ɗaya.

Shekarun matsin tattalin arziki sun sake fasalin teburin talaka. Garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, ta zama abincin rana na leburori da ɗalibai. Ɗanwake ya fito daga cikin gida zuwa bakin titi, awara ta waken suya ta tsaya a madadin nama. Indomie, da aka fara yin ta a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1990, ta hau teburin mai shayi har ta kusa ƙwace wa shayin suna. A ɗaya gefen kuma gidajen abinci na zamani irin su Mr Bigg's sun buɗe wa masu albashi ƙofa, ko da yake ba su taɓa raba kowa da mai ƙosan unguwarsu ba. A zamanin da Dora Akunyili take shugabancin NAFDAC aka matsa wa masu gidajen burodi lamba su daina zuba sinadarin buromet, wanda yake kumbura burodi amma yake cutar da lafiya.

Tarkon alkama bai sake mu ba. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a 2022 ya ɗaga farashinta a duniya, cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023 suka ƙara wa wutar itace. A watan Fabrairu na 2024 mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano, suna kuka da tsadar buhun fulawa, suna cewa da yawansu sun kashe tanderu saboda jari ya karye. Matan da aka san su da aiki a cikin gida, waɗanda mai cin bandashe bai taɓa ganin fuskarsu ba, a ranar sun tsaya a bakin titi riƙe da kwalaye.