Rufin mota mai naɗe kansa

Wani likitan haƙori a Paris, Georges Paulin, ya ƙirƙiro wani rufin ƙarfe mai naɗewa ya shige but ɗin mota. Peugeot ta sa shi a motocin Éclipse wajen 1935. Har yau takaici nake ji in na tuna sojojin Jamus sun harbe shi a 1942.

Ford Skyliner ta 1957 kuwa, ƙananan injinan lantarki bakwai ke ɗaga rufinta, ga wayoyi birjik, makanikai sun sha wuya. Daga baya da kwamfuta ta karɓi aikin a motoci, dole sai direba ya tsaya cak, yatsa danne da maɓalli har rufi ya gama. Nan ƙananan akwatuna irin SmartTOP suka samu kasuwa: ka jona a wayoyin motar, taɓawa ɗaya, rufi ya buɗe kana tafe sannu-sannu.