Jirgin ƙasa da gujiyar kakanka

Ɗan'uwa mai karatu, ka sha ganin yaran Sae Sabuwa bayan girbi suna fere karan dawa, suna harhaɗa mota. Wani yaron yakan jera gwangwanayen kifi, ya ɗaure su da zare, ya ce ga jirgin ƙasa. Alhali bai taɓa ganin jirgi ba, domin dogo bai bi ta garinku ba. Amma jirgin nan ya taɓa gonar kakanka. Bari ka ji yadda aka yi.

Mu fara da yadda jirgin dā yake tafiya. Dubi tukunya a kan murhu. In ruwa ya tafasa, tururi yakan ɗaga marfi. Wannan ƙarfin ne Turawa suka kama. Kan jirgi babbar tukunya ce ta ƙarfe, a kwance bisa ƙafafu. Mutum ɗaya yana zuba kwal a wuta, wato gawayin da ake haƙowa daga ƙasa. Tururi ya bi bututu, ya tura wani ƙarfe gaba da baya, kamar tabarya cikin turmi. Ƙarfen nan shi ke juya ƙafafu. Har yau a Ingila akwai masu ƙera ƴan ƙananan jirage irin wannan, wasu tsawonsu bai wuce kamu ɗaya ba. Suna zuba musu ruwa, su kunna wuta, jirgin ya tashi. Wasan yaranku ne, sai dai nasu da ƙarfe.

A Ingila aka fara. A shekara ta 1829 aka yi gasar kawunan jirgi. Wanda Robert Stephenson ya ƙera, mai suna Rocket, shi ya ci. Gudunsa ya kusa kilomita 50 a awa ɗaya, mutane suka riƙe baki. Daga nan kamfanoni suka shiga tsere, kowa na son jirginsa na fasinja ya fi sauri. A 1938 wani mai suna Mallard ya yi kilomita 203 a awa. Da irin wannan gudu, daga Maraɗi zuwa Tasawa ba za a yi minti 40 ba. Har yanzu babu jirgi mai tururi da aka tabbatar ya wuce shi.

To, mu dawo gida. Ingilishi sun shimfiɗa dogo daga Ikko, ya kai Ibadan a 1901. Wani dogon suka taso da shi daga Baro, bakin kogin Kwara, ya iso Kano a 1911. Daga baya aka haɗa su biyun. Kwal kuwa daga Inugu aka riƙa haƙo shi. Tafiyar da fatake ke yi makonni, sai ta koma ƴan kwanaki.

Auduga Turawa suka so jirgin ya kwasa, don masaƙunsu. Manoman Kano suka yi nasu lissafi. Suka ga gujiya, wadda su ke kira gyaɗa, ta fi kuɗi, kuma ko ba a saya ba ana iya cin ta. Tun 1912 buhunan gujiya suka cika tashar Kano. Da jirgi ya kasa kwashe su, sai aka riƙa jera su kamar tsauni, ana ce musu dalar gyaɗa. A wannan ciniki Alhasan Ɗantata ya yi suna.

Ƙasar Maraɗi tana hannun Faransa a lokacin, kuma Faransa ba ta kawo dogo nan ba. Amma kasuwa ba ta san iyaka ba. Dogo ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Ga kuma haraji, wanda dole a biya da kuɗi. Ina manomi zai samo kuɗi? Sai gujiya. Ta haka gonakin Gidan Runji da Agye da Gazawa suka cika da ita. Raƙuma da jakuna, daga baya manyan motoci, suka riƙa kai ta kudu, jirgi ya sauke ta bakin teku. A Turai a matse mai, a yi sabulu. Alhazan Maraɗi da yawa da wannan fatauci suka fara.

Wa ya ci ribar? Tambayi tsofaffin garinku. Manomi ya kawo buhu, a ɗora bisa sikeli. Mai awo ya faɗi lamba, magatakarda ya rubuta. Manomi bai san baƙi ba, sai ya karɓi abin da aka miƙa masa. Rashin sani ya fi dare duhu. Shi ya sa bayan samun ƴancin kai a 1960, hukumar UNCC ta buɗe kasuwannin gujiya inda manoma ke awo da kansu. Masu yaƙi da jahilci suka koya musu karanta sikeli da rubuta lamba.

Komai na da lokacinsa. Daga 1953 aka fara juya wani kaso na gujiyar Nijar ta Dahome, Benin ta yanzu, a shiga dogo a Paraku. A Najeriya jirage masu shan gas suka zo daga 1955, sannu a hankali suka ture masu tururi. Sannan farin 1973 ya zo, kuturtar gujiya ta biyo baya a 1975. Dalar Kano ta ɓace. Wanda ya rage gonar hatsi don gujiya ya gane kurensa, domin kuɗi sun tafi, rumbu kuma ba kowa.

Yanzu maganar dogo ta dawo. An shimfiɗa wani daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikinsa a 2016, amma bai yi jigilar da aka sa rai ba. A 2021 aka aza harsashin wani daga Kano zuwa Maraɗi, ta Daura da Katsina da Jibiya, kilomita 284. Ba mai tururi ba ne zai bi ta kansa, zamanin wancan ya wuce.

Ɗan'uwa, jirgi ba ya zaɓen wanda zai amfana. Zai kwashi wakenka da riɗinka da awakinka, zai kuma kawo kayan wasu su yi gasa da naka. Kakanka ya ga ciniki ya zo, amma ba shi da alƙalami. Kai kana da shi. Ka iya karanta sikeli. Ka rubuta buhunanka da farashinsu a littafi. Ka cika rumbu kafin ka yi noman sayarwa. Da daddare a ajin karatu, ku gayyato wani tsoho ya ba ku labarin awon gujiya, ku rubuta shi don yaran nan masu jirgin gwangwani.