Waka Waka: Waƙar Shakira da Freshlyground da ta samo tushe daga sojojin Kamaru

Waka Waka ita ce waƙar da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya FIFA ta zaɓa a matsayin taken gasar cin kofin duniya ta shekarar 2010, wadda aka buga a Afirka ta Kudu. Mawaƙiya Shakira ƴar ƙasar Kolambiya ce ta rera ta tare da ƙungiyar makaɗa ta Freshlyground. An fitar da ita a watan Mayun 2010 a harsuna biyu, ɗaya da Ingilishi ɗaya da Sifaniyanci. Duk da kamar da sunan yake yi da kalmar "waƙa", ba daga Hausa aka samo shi ba. Amshin waƙar ya fito ne daga wata tsohuwar waƙar sojoji ta ƙasar Kamaru.

Su wane ne suka yi ta?

An haifi Shakira ranar 2 ga Fabrairun 1977 a birnin Barranquilla da ke bakin teku a Kolambiya, kuma mahaifinta ɗan asalin Labanan ne. Da Sifaniyanci ta fara waƙa, sai a 2001 ta fitar da faifanta na farko na Ingilishi. Tun daga nan ta saba fitar da waƙa guda a harsuna biyu, domin kada masoyanta na Kudancin Amurka su ga ta juya musu baya, kuma ta shiga kasuwar masu jin Ingilishi.

Ita kuwa Freshlyground an kafa ta a birnin Cape Town a 2002, ta haɗa makaɗa daga Afirka ta Kudu da Mozambik da Zimbabuwe. Jagorar waƙa a ƙungiyar a lokacin, Zolani Mahola, ita ce ta rera baitin da ke cikin harshen Xhosa. Shakira ta tsara waƙar tare da John Hill, wani mai haɗa kiɗa ɗan Amurka.

Daga bariki zuwa Kolambiya

A 1986 wata ƙungiya mai suna Golden Sounds ta fitar da waƙar Zangalewa a Kamaru. Ƴan ƙungiyar sojoji ne na rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa, cikinsu akwai Jean Paul Zé Bella da Dooh Belley da Émile Kojidie. Waƙa ce ta fareti, mai tuna sojojin Afirka da Turawa suka kwasa zuwa yaƙin duniya na biyu. A bidiyonta sukan sa hular mulkin mallaka, su cusa tsumma a ciki ya yi tulu, suna kwaikwayon manyan da suka ci suka ƙoshi. Waƙar ta bazu a ƙasashen Afirka da dama, sojoji da ƴan makaranta da ƴan wasanni suka riƙa rera ta wajen gudu da fareti.

Faya-fayan Afirka sun daɗe suna isa garuruwan gaɓar tekun Kolambiya irin su Cartagena da Barranquilla, inda masu sa kiɗa a manyan lasifikoki ke tsananin son su. Ta haka Zangalewa ta zama sananniya a yankin da Shakira ta tashi. Kafin ita ma, wata ƙungiyar mata ta Jamhuriyar Dominika mai suna Las Chicas del Can ta yi amfani da amshin a wata waƙarta.

Ranakun gasar

An rera Waka Waka a bikin jajibirin gasar, ranar 10 ga Yunin 2010 a filin wasa na Orlando da ke Soweto. An sake rera ta ranar 11 ga Yuli a filin Soccer City na Johannesburg, kafin wasan ƙarshe da Sifaniya ta ci Holan 1-0. Wannan ne karo na farko da aka buga gasar a nahiyar Afirka, kuma ƙasashe shida ne suka wakilce ta: Afirka ta Kudu, Najeriya, Gana, Kamaru, Kodebuwa da Aljeriya. A bidiyon waƙar an nuno ƴan wasa irin su Lionel Messi da Gerard Piqué da Dani Alves da golan Kamaru Carlos Kameni. An kalle shi sama da sau biliyan uku a YouTube.

Ce-ce-ku-ce biyu

Na farko ya taso ne a Afirka ta Kudu, inda wasu suka ce bai kamata a ɗauko baƙuwa ta rera taken gasar Afirka ba alhali ga mawaƙa a gida. Na biyu ya shafi haƙƙin mallaka. Da waƙar ta fito, ƴan Kamaru suka gane amshinsu nan take, suka yi ta magana a jaridu da intanet. Daga bisani aka sasanta da ƴan Golden Sounds ba tare da zuwa kotu ba, aka kuma sa sunayensu cikin mawallafan waƙar.

Abin da ya shafi mawaƙan gida

Cakuɗa harsuna a waƙa ba baƙon abu ba ne a jahar Tawa. A Birnin Ƙonni, da ke daf da garin Illela na jahar Sakkwato, Hausa da Faransanci da Ingilishi suna haɗuwa kullum a kasuwa da tasha. Waƙa kuma takan tsallake iyaka daga waya zuwa waya, ta kai Malbaza ko Illela ta Nijar, ba wanda ya tambaye ta takarda. Matsalar ita ce sau da yawa sunan mai ita ba ya biyo ta.

Abin da ya taimaki ƴan Golden Sounds shi ne akwai faifai, akwai shekara, akwai suna. A Nijar, hukumar BNDA da ke Yamai ce ke kula da haƙƙin mawallafa da mawaƙa. Nijar da Kamaru duka mambobi ne na ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda aka kafa da yarjejeniyar Bangui ta 1977. Makaɗin da ya yi rajistar aikinsa, kuma ya rubuta yarjejeniya kafin ya haɗa murya da wani, yana da hujjar da zai kafa idan waƙarsa ta yi nisan da bai zata ba. Zangalewa ta shekara 24 kafin ta dawo wa masu ita da sunansu a kan faifan da duniya ta saya.