Daga ƙwame zuwa ɗan tsami: ɗan tarihin bitamin C da birnin Kano

Shekaranjiya bayan la'asar na tsaya a wani kemis nan cikin gari, sai ga wani bawan Allah ya shigo ya ce a ba shi bitamin C, na waje, mai ƙarfin nan. Da aka faɗa masa kuɗin sai da ya yi jim, ya ƙirga abin da ke aljihunsa, ya sake ƙirgawa, sannan ya biya. A bakin ƙofar kemis ɗin kuwa ga wata yarinya da farantin gwaiba, ko kallonta bai yi ba. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in ɗan yi mana tarihi. Rubutun yana da tsawo, a yi haƙuri a kai ƙarshe.

Mu fara da shi kansa sinadarin. Akuya da saniya jikinsu na haɗa musu bitamin C, amma ɗan Adam sai ya ci a abinci. Da shi jiki ke ƙera abin da ke riƙe fata da dasashi da jijiyoyin jini, shi ya sa idan ya yi ƙaranci ciwo ba ya saurin warkewa. Yana taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe daga wake da gero da ganye, wanda shi ne mai ƙara jini. Sannan yana cikin sinadaran da ake ce wa antioksidan, wato masu tare tsatsa. Kun ga yadda ƙarfe ke tsatsa a iska? To ƙwayoyin jikinmu ma suna fuskantar irin wannan lalacewa, waɗannan sinadarai su ke rage ta. Abin da babban mutum ke buƙata a rana bai wuce miligiram 75 zuwa 90 ba. Gwaiba ɗaya matsakaiciya ta biya wannan har da ƙari.

Duniya ba ta san wannan ba sai da ta sha wuya. Matuƙan jiragen ruwa na Turai, da suke wata da watanni a teku suna cin busasshen burodi da naman gishiri, wata cuta ta riƙa cinye su. Dasashi ya kumbura ya yi ta jini, haƙora su zube, tsohon tabo ya buɗe, mutum ya mutu. A tafiyar Vasco da Gama zuwa Indiya, mutanensa sun samu sauƙi ne a 1498 da suka ci lemun da suka samu a gaɓar Afirka ta Gabas, wajen Mombasa. Amma darasin bai zauna ba. Sai a 1747 wani likitan sojan ruwan Ingila, James Lind, ya ɗauki marasa lafiya 12, ya raba su bibbiyu, kowane kashi da irin maganinsa. Biyun da aka bai wa lemun zaƙi da na tsami su suka miƙe. Duk da haka sai a 1795 rundunar ta fara raba ruwan lemo ga kowa. Shekara kusan hamsin ke nan mutane na mutuwa alhali an ga maganin. A 1932 aka tabbatar da ainihin sinadarin, kuma Albert Szent-Györgyi ɗan ƙasar Hangari, wanda ya samu kyautar Nobel a 1937, daga jan tattasai ya tace shi da yawa. E, tattasan miya.

To mu dawo gida. Ganuwar Kano, wadda aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, ba gidaje kawai ta zagaye ba. Akwai gonaki da kududdufai da itatuwa a cikinta. Da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo birni a 1851, cikin abubuwan da suka burge shi har ya rubuta akwai gwanda da dabino da alilliba da rimi a tsakanin gidaje. Ko ba mu karanta Barth ba, sunayen wurare sun ishe mu shaida: Kukar Bulukiya, Rimin Kira, Durumin Iya. Birni ne da ake yi wa mutum kwatance da bishiya. Ita kuma Kasuwar Kurmi, tun zamanin Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, can kayan ƙauye da na fatake ke haɗuwa.

Ni na taso a lungun da yaro zai tashi daga makarantar allo ya sayi magarya ko kurna ko kanya. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ba ta rabuwa da ƙwame, wato farin garin cikin ɗan kuka, wanda muke ce wa kwalba da nono. Ta jiƙa shi a ruwan randa ta ba mu. Da damina ga kwaɗon zogale da na rama, ga yakuwa a miya. Ba ta taɓa jin kalmar bitamin ba. Yau bincike ya nuna ƙwame ya ninka lemun zaƙi sau da dama wajen bitamin C, har a 2008 Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da garinsa a matsayin abinci a ƙasashenta. Zoɓon da ake lodi a Dawanau ana kaiwa Meziko, jan launinsa shi kansa sinadarin tare tsatsa ne. Su suna saye da dala, mu muna ganin abincin talaka ne.

Amma fa kada mu cika baki. Ba komai na kaka ne ya dace ba, kuma ba komai ne na asali ba. Gwanda da gwaiba da yazawa da barkono da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492, kakanninmu suka karɓa suka mai da su nasu. Tsamiya, duk da tsaminta, bitamin C ɗinta kaɗan ne, domin tsami daban, bitamin daban. Busasshiyar kukar miya tana da amfaninta, amma shanya da doguwar dahuwa sun tafi da yawancin bitamin C ɗin. Ita kuwa kanwa da muke jefawa a ganye don ya yi laushi, kashe shi take yi.

Wannan batu na tsami shi ya kai mu ga abin da ba zan manta ba. Sannu a hankali fili ya ƙare a cikin birni, aka cike kududdufai, aka sare itatuwa aka yi shaguna. Abin sha ma ya koma na leda: ruwa, kala, sukari, sai farin garin nan da ake kira ɗan tsami. Harshe ya ji tsami sai ya zaci lemo ya sha. A watan Maris na 2021, dab da azumi, mutane suka fara cika asibitocin Kano suna amai da fitsarin jini bayan shan irin waɗannan lemuka. Ma'aikatar lafiya ta jiha ta sanar da rasuwar mutum 10, ɗaruruwa suka kwanta, wasu ƙodarsu ta taɓu. Hukumar NAFDAC ta ce wani sinadari mai guba aka sayar da sunan ɗan tsami. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mun bar ɗan itacen da muke gani da idonmu, mun koma garin da ba mu san daga buhun da ya fito ba.

Shekara guda kafin nan, lokacin kullen korona a 2020, kun tuna yadda aka yi rububin bitamin C da lemun tsami da citta kamar su ne rigakafi. Wannan imanin ma yana da tarihi. Linus Pauling, masanin kimiyya ɗan Amurka mai kyautar Nobel biyu, shi ya yayata a 1970 cewa shan bitamin C da yawa na hana mura. Da aka yi ta gwaji, sai aka ga ga yawancin mutane ba ya hana kamuwa, sai dai ya ɗan rage kwanakin ciwon ga mai shansa kullum. Abin da ya wuce buƙata yawanci fitsari ke tafiya da shi, kuma haura miligiram 2,000 a rana na iya jawo gudawa, ga haɗarin tsakuwar ƙoda ga wasu. A ƙasar Finlan an bai wa maza masu shan taba kusan 29,000 ƙwayoyi don gwaji. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna waɗanda suka sha ƙwayar beta-karotin, sinadarin da ke cikin karas, sun fi kamuwa da sankarar huhu. Amfanin da ake gani ga masu cin ganye da 'ya'yan itatuwa bai biyo sinadarin cikin kwalba ba.

Ban ce a ƙi ƙwaya ba. Wanda likita ya rubuta wa ya sha, kuma mai hawan jini kada ya ajiye maganinsa ya ce zoɓo ya ishe shi. Magana ta ita ce, a wannan tsadar rayuwa, kuɗin kwalba ɗaya zai sayi gwaiba da gwanda da lemo na kwanaki ga gida gaba ɗaya. A matse lemun tsami a kan wake da shinkafa, a yanka ɗanyen tumatir da tattasai bayan an wanke su sosai. A rage kanwa, a daina dafa ganye har ya fita hayyacinsa. A jinkirta shayi bayan abinci, don yana tare sinadarin ƙarfe. In za a yi zoɓo a yi a gida, a sassauta sukari. Wanda ke da ɗan fili a tsakar gida ya dasa zogale ko gwanda.

Jiya na koma ta wajen kemis ɗin, na tarar da yarinyar, na sayi gwaiba na kai gida. Ƙaramin ɗana ya tambaye ni mene ne ƙwame, na rasa yadda zan kwatanta masa. Gobe in Allah Ya kai mu zan leƙa Kasuwar Rimi in nemo masa. Ku fa, yaushe rabon yaranku da shi? Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.